Masu Jinyar Dala Biyar

Laifin Chris Moneymaker ne. A shekarar 2003 wannan akanta ɗan jihar Tennessee ta Amurka ya shiga wata ƙaramar gasar karta a shafin PokerStars da kuɗin da ba su kai dala 100 ba, ya ci kujerar zuwa babbar gasar poka ta duniya da ake yi a Las Vegas, ya ratsa ta cikin mutum 839, ya koma gida da dala miliyan 2.5. Tun daga ranar duk wani ma'aikacin ofis mai kwamfuta da katin banki, daga Brazil har Jamus, ya fara zargin cewa shi ma gwani ne, zaman ofis ne kawai ya danne shi. An haura shekara ashirin, har yanzu suna nan kowane dare, sun biya dala biyu, dala biyar, in an yi albashi dala goma sha ɗaya, suna jiran ranarsu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, tsarin ba wuya. Kowa ya biya kuɗin shiga, a ba shi ƙwandalolin wasa daidai da na kowa. A raba wa kowa kati biyu a rufe, a buɗe biyar a tsakiyar tebur, uku a tashi ɗaya, sai na huɗu, sai na biyar, ana zuba ƙwandala a tsakani. Wanda nasa suka ƙare ya fita. A gasar mutum dubu, kimanin 150 ne kawai za su taɓa kuɗi, yawancinsu ma abin da za su samu bai wuce ninki biyu na abin da suka biya ba. Tsokar tana teburin ƙarshe. Ke nan matsakaicin ɗan wasa, in ka ɗauki gasa goma da ya yi a jere, sau ɗaya cikin biyar za ka tarar bai samu ko kwabo ba. Ashirin a jere ma ba abin a tara jama'a ba ne, yana faruwa kusan sau huɗu cikin ɗari. Wanda ke buɗe gasa shida-shida kowane dare zai sha shiga wannan fari, ba tare da kowa ya yi masa baki ba.

Hukuncin caca a wurinmu ba ya buƙatar ƙarin bayani, Suratul Ma'ida ta gama magana, Hisbah ma a Kano ta garƙame shagunan cacar ƙwallo a 2024. Ni kallo na zo yi, kuma abin da ya ja ni wurin masu ƙaramin kuɗi shi ne irin ciwonsu. Wanda ya yi asarar gida, dangi za su zo jaje. Wanda ya yi asarar dala biyar sau arba'in a jere, wa zai kai wa kuka? Kuɗin ba su isa hawaye ba, amma mutum ya ɗauka yana da wayo, allo kuma yana ƙaryata shi kowane dare. Daga nan kowa ke fito da maganinsa, kuma ta maganin ake gane mai shi.

Wanda za ka fara gamuwa da shi, ko ba ka nema ba, shi ne Mai Labari. Ƙarfe biyu na dare, shayinsa ya huce, awa huɗu yana zaune. Cikin mutum dubu saura 160, kuɗi na farawa daga na 150. Sai ga as biyu sun faɗo masa, rabon da ya fi kowane, mai zuwa sau ɗaya cikin 221. Wani ɗan Brazil mai hoton kyanwa ya turo duk ƙwandalolinsa tsakiya. Mutuminmu ya danna amsa tun kafin ya haɗiye yawu. Aka buɗe, ɗan Brazil kati biyu masu lamba huɗu gare shi. Uku suka sauka, lafiya. Na huɗu ya sauka, lafiya. Ya riga ya ɗaga hannu ɗaya sama. Na biyar ya sauka, huɗu ce. Allon ya yi 'yar ƙara, wani ɗan akwati ya fito yana gode masa da halarta, ya sanar da shi ya ƙare a na 160, sannan ya tambaye shi ko zai shiga wata gasar da za a fara nan da minti uku.

Wannan minti ɗayan zai yi mako guda yana cinsa. Zai ba matarsa tun ba ta gama farkawa ba, zai ba abokin aikinsa a wurin shan kofi, zai ba direban tasi. Kullum da "to, ina riƙe da as biyu" yake farawa, kuma duk wanda ya san shi yana jin haka sai ya tuna yana da uzuri. 'Yan wasa sun gaji da irin labaran nan har akwai tsohuwar raha a tsakaninsu cewa sai ka ajiye dala ɗaya kafin a saurare ka. Abin da ba ya shiga labarin shi ne, as biyu a gaban 'yan huɗu suna ci ne sau huɗu cikin biyar, na biyar ɗin kuwa dole ya faɗa kan wani. Kafin mutum ya ci gasar dubu sai ya tsallake irin wannan karo da yawa. A ce sau biyar ne kawai, kuma kowane karo shi ke gaba da 80 cikin ɗari, damar ya wuce duka ba ta fi ɗaya cikin uku ba. Haka kuma ba za ka taɓa jin labarin daren Talata ba, daren da shi ne mai 'yan huɗun, ya kori wani bawan Allah ɗan Poland. Wannan a wurinsa iya karanta mutum ne.

Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya shi ne Mai Zargin Na'ura. Shi ya wuce ba da labari, ya gano bakin zaren: shirya katin ake yi. Shafin yana ba sababbin shiga sa'a don su zauna, yana hukunta duk wanda ya cire kuɗinsa zuwa banki, yana haɗa manyan katuna da gangan don a gwabza gasa ta ƙare da wuri a buɗe wata. Yana da littafin da yake rubuta duk katin ƙarshe da ya kashe shi, da kwanan wata da lokaci. Waɗanda suka cece shi ba su da shafi.

Abin haushi, ba za ka iya ce masa ba a taɓa yi ba, don an yi. A 1999 wasu masana manhaja a Amurka sun nuna cewa ana iya hasashen katunan da shafin Planet Poker ke rabawa, saboda na'urar gauraya katin da agogon kwamfuta take dogaro. A 2007, a shafin Absolute Poker, wani mai suna Potripper ya ci wata gasa da irin wasan da ba mai yin sa sai wanda ke ganin hannun abokin karawarsa. Wanda ya zo na biyu ya nemi tarihin wasan, aka turo masa fayil ɗauke da katunan kowa, 'yan wasa suka zauna da kansu suka bi shi hannu-hannu har asiri ya tonu. Shekara ta zagayo aka kama irin wannan a shafin UltimateBet, hukumar caca ta Kahnawake da ke Kanada ta ɗora alhakin a kan Russ Hamilton, zakaran duniya na 1994, aka mayar wa mutane fiye da dala miliyan 22. Mai Zargi ya haddace duk wannan har da sunaye. Inda yake tsallakewa shi ne, waɗancan manyan tebura suka bi, inda ake zuba dubbai. Wanda Allah ya jarabta da ganin katin kowa, me zai kai shi farautar dala uku da 'yan canji a hannun wani malamin firamare? Ka tambaye shi, tunda ka tabbata an shirya, me ya sa kake ta zuba kuɗi? Sai ya dube ka da tausayi ya ce hujja yake tarawa.

Mai Camfi ba ya zargin kowa, gyara yake yi. Ya sauya hoton kujerarsa daga zaki zuwa mujiya. Ya sauya launin tebur daga kore zuwa shuɗi. Akwai wata riga da ya taɓa zuwa na bakwai da ita a wata gasar dala biyu, tun daga lokacin ba ta ga ruwa ba, mutanen gidan har sun fara magana. In aka zo katin ƙarshe yakan rufe allo da tafin hannu ya riƙa zamewa a hankali, wai kada katin ya firgita. A 1948 masanin halayyar nan B. F. Skinner ya sa tattabaru masu yunwa a keji, na'ura tana sako musu hatsi lokaci-lokaci ba ruwanta da abin da suke yi. Ba a jima ba wata ta kama juyi ta hagu, wata tana ta cusa kai a kusurwar keji, kowace ta ɗauka abin da take yi sa'ad da hatsin ya zubo shi ya kawo shi. Su dai tattabarun ba su biya kuɗin shiga ba.

Ɗan Ramuwa kuwa dariyar da ake yi masa gajeriya ce. Lissafinsa a tsaye yake: an ci shi dala 60 cikin mako a ƙananan gasanni, to maimakon ya bi su biyar-biyar, bari ya shiga ta dala 109 ta ranar Lahadi ya dawo da komai a zama ɗaya. Har hujja gare shi. A ƙananan tebura mahaukata sun yi yawa, ba sa jin burga, amma a sama akwai masu hankali da za su girmama wasansa. Suka kuwa girmama shi, cikin minti arba'in suka raba shi da komai cikin ladabi. Ya dawo ƙasa da ramin dala 169, ƙarfe ɗaya na dare, ya buɗe irin wasan nan na mutum uku da ake gamawa cikin 'yan mintuna, ya yi ta dannawa. A ransa sa'a bashi ce, tunda ta ƙi zuwa sau talatin, to ta kusa. Haka mutanen gidan cacar Monte Carlo suka ce a daren 18 ga Agusta 1913, da ƙwallon faifan caca ya faɗa baƙi sau 26 a jere. Suka yi ta lafta kuɗi a kan ja wai lokacinsa ya yi, suka tafka asarar miliyoyi.

Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan hali tun 1979: mutum in yana kan riba yakan yi taka-tsantsan, in ya faɗa asara sai ya zama jarumi, ya gwammace kasadar babbar asara da ya haƙura da ƙarama. Gwarzon Ɗan Ramuwa shi ne Viktor Blom, yaron Sweden da ya ɓullo a shafin Full Tilt a 2009 da sunan Isildur1 yana ɗan shekara 19, ya kwashi miliyoyi a hannun manyan gwanaye cikin 'yan makonni. Nan yake tsayar da labarin. Ba ya kaiwa watan Disamba na shekarar, inda Brian Hastings ya karɓe kimanin dala miliyan huɗu a hannun yaron a zama ɗaya. Cikin duk jama'ar nan wannan ne nake cewa 'yan'uwansa su sa masa ido da gaske, don garin neman gira ake rasa ido, kuma daga gare shi ake zarcewa zuwa taɓa kuɗin haya.

Sai Farfesa. Shi ba ya fushi, in ji shi. Abin da ke faruwa da shi juyin sa'a ne kawai, kuma wasannin da ya buga ba su isa a yanke hukunci ba. Gasa 500? Kaɗan ne. 2,000? An dai fara. Abin takaicin, gaskiya yake faɗa. A gasannin dubban mutane gwani na ƙwarai yana iya yin ɗaruruwan wasanni yana ƙasa, shi ya sa masu abin ke cewa kada ka zauna sai kana da jarin kuɗin shiga ɗari ko fiye. Sai dai maganar nan ɗaya tana rufa wa gwani asiri, tana kuma rufa wa wanda bai iya ba, kuma daga ciki ba a gane wane ne wane. Farfesa bai taɓa kawo wa ransa cewa yana iya zama na biyun ba.

Yana da manhajar PokerTracker da ke ajiye masa kowane hannu da ya buga. Yana da zanen layi biyu, ɗaya na abin da ya samu, wanda ya nufi ƙasa tun watan Maris, ɗaya na abin da ya kamata ya samu da a ce duniya da adalci, kuma wannan yake nuna wa baƙi. Yana biyan kuɗin wata a manhajar nazarin wasa ta GTO Wizard, ya sayi littafin Jared Tendler na 2011 a kan riƙe zuciya a wasan, ya sayi kwas, ya sayi allo na biyu, ya sayi kujera mai gyara zaman baya. In ka tara, kuɗin magani sun fi ciwon. Zai kwana yana nazarin yadda na'ura ta ce a buga wani hannu in abokin karawa gwani ne mara kuskure, gari ya waye ya je ya gwada a kan wani ɗan fansho a Ostireliya da ke wasa da hannu ɗaya yana cin abinci da ɗayan, wanda ba ya ajiye kati don bai ga dalili ba. In dattijon ya kore shi, sai Farfesa ya shigar da hannun a manhaja, ta ce masa ya buga daidai, ya kwanta da murmushi. Linzamin kwamfutarsa na uku ke nan a bana. Biyun farko, a cewarsa, ba su da inganci, shi ya sa ba su jure bango ba.

In kana son nishaɗi kyauta, haɗa shi da Mai Zargi.

"Mutumina, sau nawa aka karya maka as biyu a watan nan?"

"Sau bakwai! Ga su nan a rubuce."

"Cikin nawa?"

"Kamar yaya cikin nawa?"

"Sau nawa suka ci?"

"Haba Farfesa, wa ke ƙirga wannan? Ai haƙƙina ne."

Daga nan za su yi awa biyu, kowa ya tashi yana tausayin ɗan'uwansa, su je su shiga gasa ɗaya, a kore su a jere.

Mai Wa'azi ba ya barin tebur sai ya yi huɗuba. An kore shi, amma yana nan a akwatin hira yana koya wa wanda ya kore shi wasa: wane jaki ne ke amsawa da wannan kati, ka san lissafi kuwa, irinku ne ke lalata harkar. Wanda ake yi wa faɗan ba ya jin Turanci, sai ya mayar masa da hoton fuska mai dariya. Madubinsa Phil Hellmuth ne, wanda duniya ta sani da zazzaga wa abokan wasa masifa a gaban kyamara. Sai dai Hellmuth ya ci babbar gasar duniya a 1989 yana ɗan shekara 24, kuma mundayen da ake ba zakaru, 17 gare shi, ba wanda ya kai shi. Mai Wa'azi ya ɗauki masifar ya bar mundayen. Ko ta fuskar son kai ma aikin banza yake yi, don in da gaske mutumin bai iya ba, ai shi ne abincinka, ina dalilin tura shi makaranta?

Akwai wanda duka ke mayarwa Kunkuru. Ya daina neman ci, tsira kawai yake nema. Ka gan shi in an zo bakin ƙofar kuɗi, saura mutum biyu a fara biya, ƙwandalolinsa ba su fi na zagaye biyu ba. Duk rabon da aka yi, ko da bakwai da biyu aka ba shi, hannun da kowa ya san shara ne, sai ya bar agogo ya yi ta tafiya har ya ƙare, ya shiga lokacin ajiya ya cinye shi tas. Mutum takwas suna zaginsa da harsuna daban-daban, shi kuwa idonsa na kan lambar da ke gefen allo, yana jiran wani a wani tebur ya faɗi. Aka ba shi sarauniya biyu, ya dube su, ya yi ajiyar zuciya, ya jefar. Can lamba ta koma 150. Ya miƙe tsaye a ɗaki shi kaɗai ya yi tafi. Hannu na gaba aka kore shi, ya karɓi dala tara a kan biyar da rabi da ya zuba, bayan awa huɗu da rabi. Ko kuɗin biskit ɗin da ya ci a zaman bai fito ba. Kuma da yake tsokar tana sama, wanda ya saba shiga kuɗi da rarrafe ba ya kaiwa inda take, dabarar tasa rage zafin ciwon take yi tana tsawaita shi.

Mai Rantsuwa ya bar poka. Ya bar ta ranar Litinin, ya bar ta ranar Laraba, ya kuma bar ta jiya da daddare, wannan karon da gaske. Yana da tsari. Zai rubuta wa abokai doguwar wasiƙar ban kwana, ya gode wa kowa, ya ce zai koma motsa jiki da koyon girki, sannan ya goge manhajar. Kwana biyu saƙo ya shigo cewa an ba shi tikitin kyauta na dala biyu, zai lalace nan da ƙarshen mako. To barin tikiti ya lalace ai almubazzaranci ne. Sauke manhajar minti biyu ne, kalmar sirri kuwa yatsunsa sun riƙe ta ko da kansa ya manta. Ga mai son bari na gaskiya ƙofa a buɗe take. A Birtaniya akwai tsarin GAMSTOP da aka fara a 2018, inda mutum zai sa sunansa a toshe shi daga shafukan caca masu lasisin ƙasar na wata shida, ko shekara ɗaya, ko biyar, kuma manyan shafuka suna da maɓallin da mutum zai kulle kansa ko ya ƙayyade abin da zai iya zubawa. Mai Rantsuwa ya san inda maɓallin yake. Ya taɓa kai linzami kansa, ya ga an rubuta ba a warwarewa kafin wa'adi, ya ce shi ba ya son abin da zai tauye masa 'yanci.

Malam Ba-Ci-Ba-Asara ba ya son a tuna da shi, don haka a taƙaice. Ka tambaye shi yaya wasa, amsa ɗaya ce shekara da shekaru: "Muna nan dai, kusan daidai muke." Yana tuna dala 400 da ya ci wata Lahadi a can baya, har da katin da ya ci da shi. Ashirin-ashirin ɗin da yake turawa duk Juma'a ba sa shiga lissafi, su kuɗin wasa ne. Babban maƙiyinsa SharkScope, shafin da ke tattara sakamakon gasanni ya zana wa mutum layinsa, shi ya sa ya tabbatar nasa a rufe yake. Maƙwabcinsa Mai Neman Uban Gida ne, wanda jarinsa ya ƙare amma yardarsa da kansa ko gezau. Zai zo maka da tayi, ka biya masa kuɗin shiga, in an ci a raba biyu. A ƙa'idar wannan harka asarar da ya yi taruwa take a kansa, sai ya cike ta kafin ya ga kwabo. Bayan wata biyu ramin ya kai inda ko ya ci ba shi zai ci ba, sai ka ji wayarsa ta lalace, sannan kakarsa ba lafiya, sannan shiru.

Akwai wani da bai samu laƙabi ba, don ba ya yin abin da ake samun laƙabi da shi. Ya ware dala ashirin a wata, kuɗin da da sinima zai kai. In an kore shi da as biyu sai ya ce "to", ya rufe kwamfuta, ya wanke kofinsa, ya kwanta. In fari ya yi tsawo ya sauka gasar dala ɗaya ko ta kyauta ba tare da jin an ci mutuncinsa ba, ko ya yi wata guda bai leƙa ba, bai kuma rubuta wa kowa wasiƙa ba. Sauran ba sa ƙaunarsa. Mai Labari ya ce ba shi da zuciya, Farfesa ya ce ba shi da buri, Ɗan Ramuwa ya taɓa neman rance a wurinsa. Ni ma ɗan kallo ba na ƙaruwa da shi ko kaɗan.

Saura mutum ɗaya, shi kuma ba ya zama a tebur. A gasar dala biyar da rabi, bisa al'ada biyar ce ke shiga abin da za a raba, rabin dalar la'adar mai shafi ce. Mutum dubu, dala 500 ke nan tun ba a raba kati ko ɗaya ba, kuma irin wannan gasa ana buɗe ta dare da rana ba hutu. Mai shafi ɗan kamasho ne a tasha, mota ta isa lafiya ko ta kwana a daji da fasinja, shi ya karɓi nasa tun kafin ta tashi. Saboda wannan la'ada, da za a tara mutum dubu masu ƙwarewa daidai wa daida su yi ta wasa, kowannensu zai riƙa asarar kusan kashi tara cikin ɗari na duk abin da ya zuba. Ke nan ko zaman ba ci ba asara da Malam ke iƙirari, sai wanda ya fi matsakaicin ɗan wasa da tazara yake samunsa. Mai Zargi ya ƙarar da shekaru yana neman sata a cikin na'ura, alhali kuɗin a rubuce suke a jikin sanarwar gasar, kowa yana gani yake dannawa. Mai shafi ba shi da rigar sa'a, ba ya wa'azi, ba ya rantsuwa, bai kuma taɓa tare direban tasi da labarin as biyu ba. A 2014 kamfanin Amaya na Kanada ya sayi kamfanin da ya mallaki PokerStars da Full Tilt a kan dala biliyan 4.9.